Audugar da Kaka Ta Bari a Kan Turmi

Akwai wani ƙamshi da har yau in na ji shi sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na ƙauye, can gefen Kimba: ƙamshin karan dawa yana cin wuta, haɗe da ɗan ƙarnin kifin da aka banda da rana. In sanyi ya shigo, da an gama cin tuwo, Kaka Tumba takan sa a tara mata kara a ƙofar ɗakinta. Ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta ɗan ja baya daga wutar saboda tartsatsi, ƙwaryar auduga a cinya, mazari a hannu. Ni da yayata Luba mu raɓu da ita, kowa ta ja zane ta rufe har kunne. Kaka ba ta iya tatsuniya hannu sake. Bakinta na ba da labari, yatsunta na murza zare, har nakan ɗauka a lokacin cewa daga cikin audugar take jawo maganar.

Babanmu shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Haka aka rene ta, kuma ta riƙe wannan kunya fiye da duk tsofaffin garin. “Mai jirgi” take ce masa. Yana tsaye a gabanta za ta dubi Luba ta ce, “Ki gaya ma mai jirgi hularshi ta hwaɗi bayan randa.” Luba ta juya ta maimaita masa, shi kuma ya ce, “Ki ce mata na gode.” Duk wannan a tazarar da ba ta fi tabarma ɗaya ba. Mu dariya abin yake ba mu. Ban taɓa tunanin akwai nauyi a cikinsa ba.

Jirgin da take nufi tsohon kwalekwale ne na mijinta, kakanmu, wanda ya rasu kafin a haife ni. Ya sha faci. Duk inda katakon ya tsage an yanko gwangwani an lulluɓe an buga ƙusoshi, har jikinsa ya yi kama da rigar da aka gada. Da shi Baba yake fatsa a gulbi, da shi muke ci.

A shekarar da na fara iya karanta rubutun jikin motoci, ƙananan kifi suka ja baya. Abin da Baba yake kawowa bai wuce na miya ba. Manyan kuwa suna can ƙasan gurbi, inda gulbin ya fi zurfi, wajen wata tsohuwar bishiyar giyayya, kuma zaren roba da aka saba da shi ba ya iya ɗaukar su. Sai wata rana ya dawo daga kasuwar Jega da wani sabon zare, kore shar, siriri kamar na ɗinki. In ka matso da shi kusa da ido sai ka ga kitsattse ne, silili-silili an sarƙe su cikin juna. Ya ce a gabansa mai sayarwa ya ɗaure jarka cike da ruwa da shi, ya ɗaga ta sama, zaren ko gezau. Ranar har waƙa na ji yana yi a bayan rumbu. Aibinsa ɗaya, in ji shi, yana yanka hannu in kifi ya ja, amma wannan ai sai a san dabara.

Zaren ya tsinke a fitar farko, ya tafi da ƙugiya da kifin da ko ganinsa Baba bai yi ba. Ya ce ƙulli ne, ya canza ƙulli. Ya sake tsinkewa. Ya ninka shi biyu, ya tsinke. Ya mayar da shi Jega a fusace, mai sayarwa ya yanko daga wanda ya kawo ɗin, ya sake ɗaga jarka da shi a gaban mutane, Baba ya dawo gida da zarensa. A bakin gulbi kowa da nasa bayanin. Wasu suka ce kififiya ce take datse shi, wasu suka ce tsege ne mai haƙora. Wani tsoho ya rantse mutanen ruwa ba sa son koren abu. Baba ya canza gurbi, ya canza lokacin fita. In ya dawo sai ya yanke guntun da ya lalace ya jefar a tsakar gida, ya shige ɗaki. Na sha ganin Kaka tana duƙawa tana tsince waɗannan guntayen tana cusa su a bakin zanenta. Na ɗauka tsakiyar wuya za ta shirya mana da su.

Daga nan muka fara jin maganar Aliero. Wani abokin Baba direba ne, yana ɗaukar albasa daga can zuwa Kudu, ya ce akwai wuri a motarsa in yana so. Mun san abin da hakan yake nufi, domin akwai 'yan uwanmu da iyayensu suka bi motocin albasa, sai sallah zuwa sallah ake ganin su, wani ma sallar ba ya zuwa. Wani mutumin Mungadi kuma ya zo ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya taya, ya ce zai dawo jibi ya biya ya ɗauka. Da maraicen ranar na ji Baba yana ce wa Innarmu, “Na gaji da ciyar da gulbi ƙugiya. In ruwa ya ƙi ni, sai in bi hanya.” Na shiga bayan ɗaki na yi kuka, ban bari kowa ya gani ba.

Bayan an ci tuwo Baba bai fita hira ba kamar yadda ya saba. Ya zauna a bayan zanan da ya raba ɓangarenmu da na Kaka, shi kaɗai, ba ko fitila. Ana ganin inuwarsa ta tsakanin saƙar. Kaka ta sa aka hura wuta, ta ɗauko mazari.

“Ga ta nan tahe,” in ji ta, “ta ratso gulbi ba ta jiƙe ba.”

“Ta iso mu ba ta wuri,” muka amsa.

Kaka mai ƙasa-ƙasa da murya ce in tana tatsuniya, don mu matso mu kasa kunne. Ranar kuwa sai ta ɗaga murya kamar mai kiran awaki.

“Kaka, mu fa ba kurame ba ne,” in ji Luba.

“Ke kam kurma ta. Tun sahe nika kiranki ki ɗebo man ruwa, kin ji? Rufe baki, uwar tsiwa.”

Labarin wani masunci ne mai suna Na-Gurbi. Ba shi da jirgi, babbar gora gare shi, yakan kwanta a kanta ya yi ta yawo a bisa ruwa. A cikin gurbin garinsu akwai wata giwar ruwa da ta tsufa har ciyawa ta tsiro a bayanta, kuma duk daren da wata ya cika sai ta taso ta haɗiye haskensa, garin ya kwana cikin duhu. Na-Gurbi ya ɗau alkawari sai ya kamo ta. Ya samo gashin jelar doki da zaren rama, aka kitsa masa su wuri ɗaya, aka yi zaren da ko raƙumi aka ɗaure da shi ba zai tsinke ba. Ya jefa, giwa ta kama, ya ja, zare ya ce tas. Ya ƙara silili, ya koma, tas. Ya yi ta ƙarawa har zaren ya yi kaurin igiyar shanu, kifin ya gan shi tun daga nesa ya yi dariya ya ƙi ko matsowa.

Sai Na-Gurbi ya shiga neman mai laifi. A nan ne Kaka ta sa waƙa, mu kuma muna amshi:

“Zarena, zarena, wa yac ci ka?”

“Ba ni na ba,” in ji kada, “ni da na ci, da har gorar na haɗa.”

Ya je wa kififiya, ta ce ita tun bara haƙoranta suka zube, ya leƙa bakinta in bai yarda ba. Ya je wa tsege, tsege ya ce shi ba ya cin abin da doki ya kore ƙuda da shi. Kaka tana canza murya ga kowanne, ta kififiya har da rawar leɓe, Luba tana dariya har tana kwanciya a jikina. Ni kuwa idona yana kan zana. Inuwar ba ta motsa ba.

Da ya rasa mai laifi, Na-Gurbi ya ɗora gorarsa a ka zai kai kasuwa ya sayar, ya bar garin. A hanya ya tarar da wata tsohuwa tana kaɗi a gindin tsamiya. Ta tambaye shi ina za shi da gora da rana tsaka, ya kwashe labari ya gaya mata.

A nan Kaka ta tsayar da mazarinta. Ban taɓa ganin ta tsayar da shi a tsakiyar labari ba.

“Sai tsohuwa tac ce mai, kai wawa, ka tambayi kada, ka tambayi kihihiya, shi zaren ka tambaye shi? Miƙo man bakin da yat tsinke. Tad duba, tas shafa. Tac ce, wanda haƙori yad datse, bakinshi daidai shike, awa an sa aska. Wanda ƙulli yak kwance, sai ka gan shi nannaɗe awa yaɗon kabewa. Naka kau duba shi, gemu yay yi. Ba rana ɗaya anka ci shi ba, kaɗan-kaɗan anka dinga goga shi. Abin da ka cin zarenka ba cikin ruwa shike ba. Tare kuka zuwa, tare kuka dawowa.”

“Aljani ne!” in ji Luba.

“Aljanin gidanku. Tsohuwa ta ɗebo abduga cikin ƙwaryarta tab ba shi. Tac ce, ido ba shi ganin abin ga, hannunka kau ya yi kanta, ba shi ji. Koma ka kwanta bisa gorarka yadda kas saba. Duk inda zaren ga ka bi, tun daga hannunka har shi taɓa ruwa, ka bi wurin da abduga, sannu, kak ka yi gaugawa. Inda tam maƙale, nan na.”

Wuta ta yi ƙara, wani kara ya karye a cikinta. A bayan zana muka ji an miƙe, muka ji takun takalmi ya nufi ɗakin Innarmu. Kaka ta kasa kunne har takun ya ɓace. Sai ta sauke murya, ta ci gaba da kaɗinta.

“To, ya kama kihi, wata ya hito, kowa ya ci ya ƙoshi. Ta koma gulbi inda ta hito. Ku tashi ku kwanta.”

“Haba Kaka!” Luba ta miƙe zaune. “Wannan ai ba ƙarshe ba ne. A ina audugar ta maƙale? Yaya aka yi ya jawo giwar?”

“Barci nika ji. Ke in kina son ƙarshe, ki yi ma kanki.”

Da za ta shiga ɗaki na ga ta ɗebi auduga cike da hannu, ta ajiye a kan turmin da aka kife kusa da ƙofar fita, ta danne da ɗan dutse. Kaka da ko silin auduga ba ta bari a waje saboda awaki. Na buɗe baki zan tuna mata, ta harare ni, na haɗiye maganata.

Da safe turmin ba komai a kansa sai dutsen. Innarmu ta ba ni kwanon kunu ta ce in kai wa Baba bakin gulbi, don ya fita bai karya ba. Na same shi ya jawo goshin jirgin kan yashi, yana zaune a can baya inda yakan zauna, hannu a miƙe kamar mai riƙe da zare, alhali ba komai a hannun. Yana gwada yadda yake yi ne in kifi ya ja. Sai na ga ya kwantar da hannun a kan gefen jirgi na hagu. Daga baya na fahimta: tun da sabon zaren yake yanka masa yatsu, sai ya koma jingina shi a gefen jirgin, katako ya ɗauki nauyin. Da tsohon zare bai taɓa yin haka ba.

Ya ciro audugar daga aljihu. Ya fara da ɗan katakon da yake naɗe zaren a jiki, ya shafa shi ciki da waje, ba abin da ya kama. Ya bi saman gefen jirgin tun daga baya har tsakiya, audugar ta wuce sumul. Ya sake bi. Kunu yana hucewa a hannuna, shi kuwa bai nuna ya gan ni ba. Wasu masunta biyu suka zo wucewa da taru a kafaɗa, ɗaya ya ce, “A'a, Garba, wanka kake wa jirgin kafin mai shi ya zo?” Baba bai ɗago ba. Ya sauko, ya shiga ruwa har gwiwa a cikin wannan sanyi, ya duƙa, ya fara bin gefen ta waje, ta ƙasan leɓen katakon, inda zare yake lanƙwasawa ya gangara ruwa.

A nan ta maƙale. Wani ɗan farin sili ya tsaya yana kaɗawa a iska, a bakin wani tsohon facin gwangwani. Ƙusa ɗaya ta ɗan saki, bakin gwangwanin ya ɗago kamar farce, tsatsa ta ci shi ta bar masa kaifi. In kana cikin jirgin ba za ka taɓa ganin wurin ba. Baba ya sake shafawa, ta sake maƙalewa. Ya daɗe yana kallon silin nan. Sa'an nan ya ɗauko guntun koren zaren, ya ja shi da ƙarfi, ya goga a wurin gaba da baya, a gaban idona ya tashi gemu ya rabu biyu.

“Saratu,” ya ce, bai juyo ba, “ajiye kunun nan ki samo mini dutse mai faɗi.”

Ya ɓamɓare facin gaba ɗaya, ya buga sabo, ya dandaƙe bakinsa har ya kwanta. Ya yanko robar tayar keke ya lulluɓe gefen da ita. Ya warware zaren a kan yashi, yana bin sa da auduga shi ma, duk inda ya yi gashi ya yanke ya yar. Rana ta yi sama kafin ya sha kunun, a sandare.

Ranar bai kama komai ba. Washegari mutumin Mungadi ya zo, Baba ya ce ya yi haƙuri ya ƙara masa kwanaki. Sai a cikin makon ne, wata la'asar, muka ji hayaniyar yara daga bakin hanya, Baba ya kamo giwar ruwa. Ba giwar da ta haɗiye wata ba ce, amma sai da mutum biyu suka ɗauko ta a kan sanda. Kafin a kai ta kasuwa Baba ya sa aka shimfiɗe ta a ƙofar ɗakin Kaka, ya koma gefe ya tsaya. Kaka ta fito, ta dubi kifin daga kai har jela, ta dubi Luba.

“Ki gaya ma mai jirgi shi kauda abin ga, ya tare man hanya.”

Amma na ga ta kai bakin zanenta ido. Baba bai bi motar albasa ba.

Na girma ina ɗaukar labarin Na-Gurbi a matsayin tatsuniya irin sauran. Sai da na shiga jami'a a Aliero, aka ba mu aikin tattara tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi, na zagaya Gehuru da ƙauyukan Maiyama ina tambaya. Ba wadda ta taɓa jin sa. Wata tsohuwa ma ta ce, “'Yar nan, wannan ba ta kaka da kakanni ba ce, wani ya ƙera ta.” A motar dawowa ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya: guntayen zaren da take tsincewa, muryar da ta ɗaga, mazarin da ya tsaya. Mace ce da ta yi rayuwarta tana taɓa zare, ta shafa guntayen nan ta gane abin da ke cin su. Tana kallon ɗanta zai sayar da jirgin mijinta ya bi hanya, kuma ba ta da bakin ce masa zo ka ji. Ba ta karya kunyarta ba, ba ta kuma zauna ta zuba ido ba. Ta zauna ta kaɗa labari kamar yadda take kaɗa zare, daidai tsawon da zai kai bayan zana. A lokacin da na gane haka Kaka ta riga ta rasu, ban samu na tambaye ta ba. Na san ma abin da za ta ce: barci take ji.

A da ina ɗauka naci shi ne ka ƙara ƙarfi, ka ninka zare, ka koma ka sake jefawa. Yanzu in wani abu ya yi ta tsinke mini a wuri ɗaya, aiki ne ko zumunci, nakan tuna Baba a cikin ruwan sanyi yana bin ƙasan katako da auduga, mutane suna masa ba'a. Nakan bar zargin kada da kififiya, in koma in duba inda ni kaina nake jingina abin. Ba kullum nake samu da wuri ba. Amma ban cika sayar da jirgina ba.

Bara da na je gida na tarar da Baba a bakin gulbi yana gyaran ƙugiyoyi. Gemunsa ya yi fari. A cikin gwangwanin da yake ajiye su na hango ɗan dunƙulen auduga, ya yi baƙi saboda hannu. Ya ga ina kallo. Ruwa yana bugun cikin jirgin a hankali.

“Saratu,” ya ce, “wannan mutumin mai gora. Ni na tashi ba a ƙare ba. Yaya ta ƙarasa muku?”

Na ce, “Ba ta ƙarasa ba, Baba. Kana tashi ta ce mu je mu kwanta.”

Ya yi dariya. Ya mayar da murfin gwangwanin ya danne da kyau, ya tura jirgin cikin ruwa.